Zaki da Makiyayi a Bakin Gandun Dajin W: Asalin Saɓani da Hanyoyin Zaman Tare

Gabatarwa

Babu naman dawa da sunansa ya zauna a bakin Bahaushe kamar zaki. Yaro yakan fara jin sa a tatsuniya, inda shi ne sarkin dawa, mai yanke shari'a tsakanin namun daji, wanda duk da ƙarfinsa gizo ke yi masa wayo. In yaron ya girma ya leƙa fada, sai ya ji fadawa suna gaishe da sarki da wannan suna, suna cewa "Zaki!" Amma daga Damagaram zuwa Maraɗi, daga Tawa zuwa Dogonduci, da wuya a sami magidanci a yau wanda ya taɓa jin rurin zaki a dajin garinsu. Sunan ya wanzu a harshe, mai sunan kuwa ya bar ƙasar Hausa ta Nijar.

A Nijar wuri guda ya rage masa, watau gandun dajin W da kewayensa, a kudu da garin Sayi. A can zaki ba tatsuniya ba ne. Makiyayin da ya wayi gari ya tarar da ragowar saniyarsa a bakin ƙorama ya san da haka. Wannan maƙala tana bayanin asalin saɓanin da ke tsakanin zaki da masu bisashe a wannan yanki, da tsohuwar ƙa'idar da ta tsare zamansu a da, da abin da ya rushe ta, da dabarun da aka gwada a wurare dabam-dabam, sa'an nan da abin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci.

1. Inda zaki ya saura

A da zaki ya bazu a duk faɗin dajin da ke tsakanin tekun Atalantika da tafkin Cadi, har ma ya kai cikin duwatsun Abzin. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya ratsa Abzin a shekarar 1850, ya kuma ba da labarin zakokin da ke zaune a kwarurrukan duwatsun. A yau babu su a can, babu su a Damargu, babu su a Adar ko a gulbin Maraɗi.

Tsakanin 2006 da 2012 wasu masana sun bi manyan gandayen daji 21 na Afirka ta Yamma waɗanda ake zaton akwai zaki a cikinsu. Sakamakon da suka buga a 2014 ya nuna cewa a wurare huɗu kaɗai aka same shi: Niyokolo-Koba a Senegal, Kainji da Yankari a Nijeriya, sai kuma babban dajin da ya haɗa W da Arli da Panjari, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suke tarayya a kansa. Jimillar zakokin ta kai kimanin 400, manyan da suka isa haihuwa ba su cika 250 ba, kuma kimanin 350 daga cikin jimillar suna wannan daji na ƙasashe uku. Filin da ya rage wa zaki bai wuce kashi 1 da ɗan ɗoriya cikin 100 na ƙasar da yake yawo a cikinta a da ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sa zakin Afirka ta Yamma a jerin dabbobin da suke gab da ƙarewa.

Gandun W ya sami sunansa daga kogin Isa, wanda ake kira Kwara, domin a nan ne ya yi lanƙwasa mai kama da wannan harafi na boko. An mai da shi gandun ƙasa a 1954. Rabon Nijar ya kai hekta dubu 220, tsakanin ƙoramar Tapowa a arewa da ta Mekuru a kudu. A 1962 aka keɓe dajin Tamu a arewacinsa domin ya zama garkuwa tsakanin gandu da gonaki. Hukumar UNESCO ta sa rabon Nijar cikin kayan gādon duniya a 1996, ta kuma faɗaɗa wannan matsayi ga dajin ƙasashen uku a 2017.

Akwai wani abin lura game da asalin wannan zaki. Binciken jini ya nuna cewa ya fi kusanci da zakin Indiya a kan zakokin Kenya da Afirka ta Kudu, kuma rabe-raben da masana suka amince da shi a 2017 ya haɗa zakokin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da ta Arewa da na Indiya a reshe ɗaya. Saboda haka in ya ƙare a nan, zakin da za a ɗauko daga gabashin Afirka ba zai maye gurbinsa ba.

2. Halin zaki da abincinsa

Ba a fahimtar ɓarnar zaki sai an san yadda yake rayuwa. Namijin zaki na wannan yanki gezarsa ƴar kaɗan ce, wani ma kusan ba shi da ita, kuma garkensu bai kai girman na gabashin Afirka ba: sau da yawa zakanya biyu ko uku ne da ƴaƴansu. Zakanya tana ɗaukar ciki na kwana 110 ko kusa da haka. In ɗan zaki namiji ya kai shekara biyu zuwa uku, sai manya su kore shi, ya shiga yawon neman wurin zama. Irin waɗannan samari, da tsofaffin da ƙarfinsu ya ragu, da waɗanda tarko ya raunata, su ne suka fi fitowa bakin gandu inda shanu suke.

Babban zaki yana bukatar nama kilo 5 zuwa 7 a kowace rana in aka raba, ko da yake yakan ci mai yawa a zama ɗaya ya kwana biyu ko uku bai sake ci ba. Yawancin yini yana kwance a inuwa, farautarsa ta dare ce da ta asuba. Ba mai dogon gudu ba ne. Kwanto yake yi, ya lallaɓo cikin ciyawa har ya matso, sa'an nan ya yi tsalle. Abincinsa a W shi ne ɓauna da gwanki da kanki da mariya da gwambaza da gadu. Kowane daga cikin waɗannan yana da gudu, ko ƙaho, ko haure, kuma ya san warin zaki tun yana ƙarami. Saniya kuwa nauyinta ya kusa na gwanki, amma ba ta da gudunsa, ba ta da tsoronsa. Muddin naman daji yana da yawa, zaki ya fi zama a kansa, domin kusantar mutum hatsari ne da ya sani. In naman daji ya ƙaranta, lissafinsa sai ya sauya.

3. Tsohuwar ƙa'ida

Mafi kyawun shaida a kan yadda makiyaya da zakoki suka zauna a da a ƙasar Nijar ita ce silimar da Jean Rouch ya ɗauka a yankin Yatakala, kusa da mahaɗar iyakokin Nijar da Mali da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Ya shafe shekaru yana komawa wurin kafin ya kammala ta a 1965, da sunan La chasse au lion à l'arc, watau farautar zaki da baka.

Abin da silimar ta nuna shi ne cewa Fulanin yankin ba su ɗauki kowane zaki a matsayin abokin gāba ba. Sun san zakokin dajinsu ɗaya-ɗaya ta sawunsu. In zaki ya kama saniya mara lafiya ko raunanniya ya ci, sai su haƙura, har suna ganin ya tsare sauran garke daga cuta. Amma in wani zaki ya shiga kisa ba don yunwa ba, yana kashe saniya ya bar ta, to ya karya ƙa'ida. A nan ne ake aika wa mahalban Sonrai da ake kira gaw, waɗanda farautar zaki gādonsu ce. Su ne ke haɗa dafin kibiya bisa sharuɗɗa masu tsauri, su kafa tarkon ƙarfe a hanyar zakin da ake nema, in ya kamu su halbe shi, suna yi masa kirari da ban haƙuri har ransa ya fita. Akwai wani zaki da ya gagare su shekara da shekaru, wanda aka laƙaba wa suna Ba'amurke.

Abubuwa uku suka riƙe wannan tsari. Na farko, ana rarrabe zaki mai laifi da sauran zakoki. Na biyu, kisan yana hannun ƴan gādo, ba kowa ke yin sa ba. Na uku, aikin yana da wuya da tsada da hatsari, saboda haka ba a shiga shi sai dole. A ƙasar Hausa ma akwai makamancin wannan: farautar manyan dawa aikin mahalba ne a ƙarƙashin sarkin baka ko sarkin dawa, kuma a wurare kamar Arewa ba a fara farautar shekara sai an yi bikin buɗin daji. Ba a cewa zamanin babu asara ko babu jini. A cikin silimar kanta zaki ya raunata wani makiyayi. Sai dai asarar tana da iyaka, ramuwar ma tana da iyaka. A yau babu zaki a Yatakala.

4. Abin da ya sauya

Sauyi na farko guba ce. A zamanin mulkin mallaka ma'aikatan kula da lafiyar dabbobi sun yi ta baza nama mai gubar sitirikinin domin rage kuraye da diloli da zakoki. Daga baya magungunan ƙwarin gona, musamman na auduga, suka cika kasuwanni da araha. Da haka kisan zaki ya fita daga hannun mahalbi ya koma hannun duk wanda ransa ya ɓaci kuma yake da kuɗin ƙullin magani.

Na biyu yawan jama'a ne. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 1988 miliyan 7 da ɗoriya, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuwa miliyan 17. Gonaki suka cinye saura da makiyaya, burtali ya ƙuntata, wani wuri ma ya toshe.

Na uku fari ne. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun tura manoma da makiyaya kudu. Yankin Sayi da Tamu a da mutane ba su cika zama a cikinsa ba saboda ƙudan tsando mai kashe shanu da ƙudan da ke kawo makantar bakin kogi. Shirin yaƙi da wannan makanta ya fara a Afirka ta Yamma a 1974, farin kuma da saran daji suka rage tsando. A 1976 hukuma ta yanke wani babban sashe na dajin Tamu ta buɗe shi ga manoma, har wurin ya sami suna da kalmar Hausa, Ayinoma. An yi haka ne domin ciyar da mutanen da yunwa ta kora, amma garkuwar da ke tsakanin gandu da gonaki ta sirance, makiyayan da ke kiwo a wurin kuma suka rasa inda za su nufa sai bakin gandu.

Na huɗu raguwar naman daji ne, ta hanyar farautar sata da tarkon waya da gasar ciyawa da ruwa tsakaninsa da shanu. Ga kuma kasuwar fata da farce da haƙori da kitsen zaki, waɗanda ake nema domin magani da kwarjini. Wannan ya sa gawar zaki ta zama kuɗi. A ƙarshe, tun ƙarshen shekarun 2010 ƴan bindiga suka sami mafaka a cikin dajin ƙasashen uku, abin da ya hana ma'aikatan gandun daji sintiri a wurare da yawa, ya kuma jefa mazauna ƙauyukan kewaye cikin wahala.

5. Yadda ɓarnar ke aukuwa

Saɓanin yana bin yanayin shekara. Da rani da bazara, in ciyawa ta ƙare a waje, tafkuna suka ƙafe, garkunan shanu sukan kutsa cikin gandu duk da hani, domin a can ne ruwa da ɗanyen haki suka rage. A lokacin shanu ne ke zuwa gidan zaki, su haɗu da shi a mashaya. Da damina kuwa naman daji yakan watse saboda ruwa ya samu ko'ina, ciyawa ta yi tsawo, sai zaki ya biyo ta ya fito har bakin ruga. Yawancin kamu yana faruwa a hali uku: saniyar da ta ɓace ta kwana a daji, garken da aka bar wa ƙananan yara, da kiwon dare.

Ba kowace ɓarna ce ta zaki ba. Wani bincike da aka buga a 2011 a kan ƙauyukan kewayen Panjari a Benin ya nuna cewa kura ce kan gaba wajen kashe bisashe, gwaggon biri na biye da ita, zaki na uku. Amma kura da biri sun fi kama awaki da tumaki, zaki kuwa saniya yake kayarwa. Saniya guda tana iya zama sadakin aure, ko hatsin shekara, ko uwar garken da aka gāda, shi ya sa haushinsa ya fi zafi. Kuma samun zaki a kan gawa ba hujja ba ce cewa shi ya kashe, domin yana cin mushe. Alamun suna da sauƙin koyo: zaki yana shaƙe maƙogwaro ko ya danne hanci da baki, ya bar zanen farce a kafaɗa da gadon baya, kura tana farawa daga baya da ciki, tana kuma farfasa ƙashi. Sawun zaki babba ne, ba ya nuna farce. Na kura yana nunawa.

In makiyayi ya zuba guba a ragowar saniyarsa, ba zaki mai laifi kaɗai ke mutuwa ba. Duk garken da ya dawo kan naman yakan mutu, har da zakanya mai shayarwa, ƴaƴanta kuma su bi ta da yunwa. Kura da dila da angulu su ci su faɗi. A dajin da zakokinsa ba su fi ɗari uku da ɗoriya ba, gawa guda mai guba tana iya share zuriyar wani yanki. Raguwar angulu kuwa tana barin mushe ya daɗe a fili, abin da ba alheri ba ne ga lafiyar shanun kansu. Gandun Waza a arewacin Kamaru ya nuna saurin abin: zakokinsa sun ragu daga kimanin 50 zuwa 60 a farkon shekarun 2000 zuwa kimanin 20 ko ƙasa da haka a 2008, kuma ramuwar masu shanu tana cikin manyan dalilai.

Kai wa mutum hari ba safai yake faruwa a wannan yanki ba. Inda ya yi yawa shi ne Tanzaniya, inda binciken da aka buga a 2005 ya ƙirga mutum 563 da zakoki suka kashe cikin shekara 15. A can ma asalin abin ƙarancin naman daji ne: zakoki suna bin aladun dawa cikin gonaki, su tarar da manoma suna kwana a bukkokin tsaron amfanin gona.

6. Dabarun da aka gwada

Dabarar da ta fi tabbata ita ce mafi tsufa, watau shingen kwana mai ƙarfi. Zaki bai cika tsallakawa cikin shinge ba. Zagayawa yake yi, warinsa da gurnaninsa su firgita shanu, su fasa shingen da kansu su watse cikin duhu. Saboda haka abin da ake nema shi ne shinge mai kauri da tsawo, wanda shanu ba za su ture ba, ba kuma za su hango waje ba, da ƙofa mai ƙarfi. Shingen itatuwa masu rai, irin su dashi da aguwa, ya fi na sarar ƙaya daɗewa, kuma ba ya cinye daji. Wannan ya dace da mazauna wuri ɗaya. Mai tafiya da garke kuwa kariyarsa ita ce babban mutum a gaban shanu, da kare, da wuta, da ƙirga garke kafin faɗuwar rana.

A Kenya, a bakin gandun Nairobi, wani yaro Bamasaye mai suna Richard Turere ya lura cewa zaki ba ya matsowa in mutum yana zagaya shinge da tocila, sai ya haɗa fitilu masu walƙiya bi da bi da batirin mota da faifan hasken rana. Dabarar ta bazu a ƙasashe da dama. A yankin Amboseli kuma, tun 2007 aka fara ɗaukar samarin Masai waɗanda a da su ne masu kashe zaki, aka ba su aikin bin sawu, da gargaɗin makiyaya inda zaki yake, da nemo bisashen da suka ɓace, da gyaran shinge. Aka koya musu karatu da rubutu domin su riƙa rubuta abin da suka gani. Kisan zaki ya ragu ƙwarai a wuraren da suke aiki. Wannan tsari ya yi kama da na mahalban Yatakala ta fuska ɗaya: sanin zaki ɗaya-ɗaya ya koma hannun ƴan ƙasa.

A Botsuwana an gwada zana idanu biyu a ɗuwawun shanu, domin mai kwanto yakan fasa in ya ga kamar an gan shi. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna cewa cikin shanu 683 masu zanen ido babu wadda aka kama, cikin 835 marasa zane kuwa an kama 15. Dabara ce mai araha, amma a garken da ake bari yana kiwo ba mai tsaro aka gwada ta.

A dajin Gir na Indiya, inda dangin zakin W na kusa suke, makiyayan Maldari suna zaune da ɓaunayensu na gida a cikin daji, suna kwana da su a shingen ƙaya, hukuma kuma tana biyan diyyar dabbar da aka kashe. Zakokin da suka kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20 sun kai 674 a ƙidayar 2020, da 891 a ta 2025. Diyya tana aiki ne in an tabbatar da ɓarna da sauri, an biya da sauri, an kuma ɗaura ta a kan kyakkyawan tsaro. In ta yi jinkiri sai ta ƙara ɓacin rai.

Duk waɗannan ba su wadatar ba in makiyayi bai da inda zai yi kiwo. Dokar tsarin karkara ta Nijar ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyaya na yawo da bisashe, sun kuma tsare burtali da mashaya da makiyaya. In an shata waɗannan an kiyaye su a kewayen Tamu da Sayi da Gaya, shigar shanu gandu za ta ragu, haɗuwarsu da zaki ma haka.

7. Kalmomi da aikin yaƙi da jahilci

Yawancin abin da aka rubuta a kan wannan batu da Faransanci da Ingilishi yake, waɗanda abin ya shafa kuwa Fulatanci da Zabarmanci da Gurmanci da Hausa suke ji. Hausa harshen kasuwa ce a Gaya da Malanbil da sauran kasuwannin shanu na yankin, manoman Hausa da yawa kuma sun zauna a can bayan fari. Littafin karatun manya da aka shirya da Hausa yana da masu karatu a wurin, yana kuma iya zama tushen da za a daidaita da sauran harsunan.

Abu na farko shi ne tattara sunaye. Matashin birni ba ya rarrabe gwanki da kanki, ko mariya da mazo, ko kura da siyaki. Waɗannan kalmomi suna bakin tsofaffin mahalba, tare da kalmomin sawu da kwanto da mashaya da makwanci, da kirarin kowace dabba. Ya kamata a ɗauke su a rubuce da murya, a nuna bambancin karin Damagaram da na Adar da na Arewa, tun masu su suna raye.

Na biyu shi ne zaɓen kalmomin aiki. Kalmar ɓarna ta dace da asarar da zaki ke jawowa, domin manomi da makiyayi sun riga sun san ta a shari'ar gona: akwai kai ƙara gaban maigari, da duba wuri, da ƙiyasta asara, da biya. Ɗora sabuwar ma'ana a kan wannan sanannen tsari ya fi ƙirƙiro baƙuwar kalma. Haka nan a rarrabe kamu da mushe, a rarrabe gandu da hurumin gandu, watau filin da ke kewaye da shi inda aka yarda da wasu ayyuka. Kalmar diyya tana da nauyi a shari'ar Musulunci, saboda haka kada a sa ta a littafi sai inda akwai hukumar da ta ɗauki alkawarin biya.

Na uku shi ne darasin da zai amfani mai karatu tun ranar da ya koya: hoton sawun zaki da na kura, yadda ake kafa shinge, illar guba ga garke da rijiya da angulu, da ƴar takardar rahoto mai tambayoyi kaɗan, watau rana, wuri, irin dabba, lokacin kamu, wanda ke kiwo, da alamun da aka gani. Makiyayin da ya iya cika wannan takarda ya sami hujja a gaban hukuma, mai bincike kuma ya sami ƙididdigar da babu wanda zai iya tara ta sai mazaunin wurin. Littafin da ya zo da wa'azin son namun daji kawai, bai ambaci asarar saniya ba, makiyayi zai ajiye shi tun shafin farko. Shugabannin makiyaya, irin su rugga da garso, su ne ya kamata a fara karanta wa daftarin.

Kammalawa

Zaki bai sauya hali ba tun zamanin mahalban Yatakala, makiyayi ma bai ƙara mugunta ba. Dajin ne ya ƙuntata, naman dawa ya ragu, guba kuma ta share bambancin da ake yi a da tsakanin zaki mai laifi da sauran danginsa. Dabarun da suka yi amfani a ko'ina sun taru a kan abu uku: a tsare saniya da dare, a bar wa makiyayi hanya da ruwa a wajen gandu, a mai da sanin daji hannun mutanen da ke zaune a bakinsa. Na ukun yana bukatar kalmomi da rubutu cikin harsunan ƙasa, kuma wannan aiki ne da masu nazarin harshe da malaman yaƙi da jahilci za su iya farawa da kayan da ke hannunsu.